Kundin jiragen Abuja: bayanin yadda aikin ɗaukar hoto ke tafiya

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Abin da muka sa a gaba shi ne haɗa kundin hotunan jiragen fasinja da na kaya masu sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kowane jirgi da lambar rajistarsa, da ranar da aka gan shi, da kamfanin da yake wa aiki a wannan ranar. Sharaɗinmu guda ne: hoton da ba a iya karanta lamba a jikinsa ba zai shiga kundi ba, komai kyansa. Fenti yana sauyawa, kamfani yana durƙushewa, jirgi yana komawa hannun wasu, to da lambar ce kaɗai mai bincike zai bi sawunsa nan da shekara ashirin.

A Frankfurt da Zurich da filin Haneda na Tokyo akwai dandalin da aka tanada wa masu kallo, mutum ya hau da kyamararsa ya yini. Mu namu dandalin saman benen wani gida ne, da yardar mai gidan da sanin mai unguwa. Ga yadda aka zaɓe shi.

Titin jirgi ɗaya ne ke aiki a Abuja, tsawonsa kimanin mita 3,600, ana kiransa 04/22. Lambobin nan alkibla ce: jirgin da ke sauka a 22 ya fuskanci kudu maso yamma, kusan digiri 220, wato daga arewa maso gabas yake gangarowa. Layin gangarowa digiri 3 ne, ma'ana duk kilomita ɗaya da aka matsa daga bakin titi, jirgi ya ƙara mita 52 a sama, sannan a ƙara mita 15 da yake tsallake bakin titin da su. Benen yana kimanin kilomita 3 daga bakin 22, a gefen kudu maso gabas, mita 600 daga layin. A nan jirgi na wucewa a tsayin mita 170 da 'yan kai, tazarar da ke tsakaninsa da kyamara kuwa kusan mita 620. Da gangan aka zaɓi wannan gefen. Hagun jirgin ne ke kallonmu, kuma ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce a rubuta lamba a ƙarƙashin fiffiken hagu da haruffan da ba su gaza santimita 50 ba, na gangar jiki kuma kada su gaza 30. Dama biyu ke nan a wucewa ɗaya.

Dokokin aiki, kuma babu sassauci a kansu: ba a ɗaukar jirgin soja ko na fadar shugaban ƙasa, da an gane shi a sauke kyamara. Ba filasha, ba tocilan mai leza, ba jirgi marar matuƙi. Ba a zuwa jikin shingen fili. Kowa da katin shaidarsa a aljihu. An kuma rubuta wa hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama takarda mai ɗauke da manufar aikin da jerin kayan da muke amfani da su, kuma sai da izini a rubuce za a ɗaga kyamara a cikin harabar filin.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Lissafin idon kyamara mai zuƙowa, don kada wani ya kashe kuɗi a banza. Faɗin sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, a ƙananan kyamarorin da yawancinmu ke riƙe da su milimita 23.5 ne, da ɗigo 6,000 a kwance. A ninka faɗin sensa da tazara, a raba da tsawon ido, sai a sami faɗin abin da hoto zai ɗauka. A milimita 300 da tazarar mita 620, hoto na ɗaukar mita 48 da rabi. Boeing 737-300 mita 33.4 ne, Embraer E195-E2 mita 41.5, duk sun zauna daidai. Boeing 777-300ER mai mita 73.9 ba zai shiga da sarari a gefe ba sai an dawo wajen milimita 170. ATR 72 mai mita 27 yana cika fiye da rabin hoto kaɗan, sauran a yanke a kwamfuta. Ashe ido mai 70 zuwa 300 ya wadatar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne harafi. A wannan tazarar ɗigo ɗaya na wakiltar milimita 8 a jikin jirgi, don haka harafi mai santimita 30 zai ci ɗigo 37, ana karanta shi sarai. A kilomita ɗaya da rabi ɗigo 15 kacal zai ci, inda B da 8 suke fara rikicewa tun kafin ƙura ta sa hannu.

Saitin da muka tsaya a kai ga jirage marasa farfela: shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa, 1/1000 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, a bar shi ya zaɓi kansa amma a kafa masa iyaka a 800, saitin ido mai bin abu, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Jirgi na saukowa da gudun kusan kilomita 260 a sa'a, mita 72 a daƙiƙa. A 1/1000 ya matsa santimita 7 ne kawai, kuma bin sa da hannu yana shanye wannan. Farin jirgi a cikin sarari mai haske yana yaudarar ma'aunin kyamara har cikinsa ya yi baƙi, don haka ana ƙara haske da kashi biyu cikin uku na mataki, ana duba kada farin fentin ya ƙone.

Asabar, 14 ga Disamba

Ranar Laraba 11 ga wata wani jirgin kaya ƙirar 737-400 ya zame daga titin, aka dakatar da sauka da tashi na wani lokaci. Matsalar titi ɗaya ke nan, kuma ita ce ta sa a 2017 aka rufe filin mako shida, daga Maris zuwa Afrilu, aka mayar da jirage Kaduna har aka gama gyara. Matsayinmu a kan irin wannan: ba ma zuwa wurin haɗari, ba ma yaɗa hotonsa, ba ma hasashen dalili. Bincike aikin hukumar binciken haɗurra ta NSIB ne.

Ta fuskar haske kuwa, wannan ne wata mafi kyau ga benen. Rana na fitowa wajen 6:40 daga digiri 114, zuwa ƙarfe tara ta kai kusan 125. Tunda titin ya miƙe daga 40 zuwa 220, hasken da ya zo daga 130 ne ke dukan gefen jirgi kai tsaye. Daga 7:15 zuwa 9:30 ranar tana bayanmu kuma tana ƙasa-ƙasa, har ƙarƙashin fiffike take leƙawa. Bayan azahar ta koma gabanmu, sai inuwar jirgi kawai ake samu. Ba ma hawa da yamma.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Hazo ya sauka sosai, kuma shi ne babban malamin wannan aiki. Ƙurar hunturu ba ta ɓata saitin ido, abin da take yi shi ne ta watsa haske a tsakanin kyamara da jirgi, sai baƙi ya koma toka-toka, ja ya koma ruwan ƙasa, bambancin harafi da fentin da ke bayansa ya ragu. Dogon ido ba ya maganin wannan ko kaɗan, domin ta cikin ƙurar dai zai duba. Maganin guda ne, a rage iskar da ke tsakani: a daina ɗauka tun jirgi na nesa yana tahowa, a jira sai ya zo daidai kafaɗa, inda tazara ta fi gajarta. Daƙiƙa uku zuwa huɗu ake da su a nan.

Kafin kowa ya baro gida yanzu sai an duba rahoton yanayi na filin, wanda ake kira METAR, hukumar yanayi ta NiMet ke fitar da shi. Lambar Abuja DNAA ce. Lokacin da ke jiki na duniya ne, a ƙara sa'a ɗaya a sami namu. Lambobi huɗun da ke bin bayanin iska su ne nisan gani a mita: 9999 na nufin kilomita goma ko fiye, HZ hazo, DU ƙura. Ma'aunin da muka ɗauka: daga 5000 zuwa sama a fito, tsakanin 3000 da 5000 za a sami lamba amma launi ya mutu, ƙasa da 2000 a zauna a gida, domin su kansu jiragen jinkiri suke yi ko a soke tashinsu.

A duba iska ma. Jirgi na son fuskantar iska wajen sauka da tashi, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take. In ta yi ƙarfi ana iya juya aiki zuwa 04, sai masu saukar su biyo ta can kudu maso yamma, mu kuma masu tashi kawai za su wuce ta kanmu, sun riga sun yi sama, damansu ne ke kallonmu. A irin wannan ranar ba a samun abin kirki daga benen.

Gyara a kwamfuta yana taimakawa amma da iyaka. A ja baƙi ƙasa har ya taɓa gefe, a sanyaya launi kaɗan don rage rawayar ƙura. In aka matsa wa maɓallin cire hazo, sarari na yin dabbare-dabbare, kuma duk dattin da ke kan sensa sai ya fito fili.

Asabar, 25 ga Janairu

Dattin sensa. Gwaji: f/16, a saita ido da hannu a kan kusa, a ɗauki sarari, a buɗe a kwamfuta. Ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya a duk hotuna a kan sensa yake. A kifa kyamara bakinta na kallon ƙasa, a hura da famfon roba. Ba a hurawa da baki, ba a sa tsumma. Ido mai zuƙowa da ke tsawo yana gajarta shi kansa famfo ne, yana zuƙar iska da ƙurarta zuwa ciki, don haka ana sa masa rigar leda da roba a baki, kuma ba a sauya ido a saman bene sai an sauko ɗaki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An kafa na'urar kama siginar jirage a gidan ɗaya daga cikinmu. Shafin bin sawun jirage na Flightradar24 na da amfani, sai dai jirgi yakan ɓace masa in ya yi ƙasa, saboda masu kama sigina ba su da yawa a yankin nan. Jirage na watsa matsayinsu da tsayinsu a kan megahaz 1090, tsarin da ake kira ADS-B, kuma kayan kama shi ba su da yawa: kwamfutar Raspberry Pi, da sandar kama sigina ta RTL-SDR, da manhajar dump1090, da eriya. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta watsa komai.

Eriyar da hannu aka yi ta. Wayar tagulla ɗaya a tsaye mai santimita 6.9, wato rubu'in tsawon zango, da wasu huɗu masu wannan tsawon a kewaye, an lanƙwasa su ƙasa digiri 45. Milimita biyu ko uku na kuskure yana rage nisa, a auna da kyau kafin a yanke. Abubuwa uku ne ke kawo cikas. Doguwar waya na cinye sigina a wannan zango, gara Pi ɗin ya hau sama cikin akwatin roba a bar wayar eriya ƙasa da mita biyar. Turakun waya masu aiki a megahaz 900 suna toshe kunnen sandar, sai an sa matatar 1090 a tsakani. Ɗaukewar wuta kuma tana lalata memorin Pi, shi ya sa aka ratsa ta batirin ajiya mai 20,000 mAh, wanda ke riƙe shi fiye da rabin yini.

Ribar da ta fi ita ce lambar shaida mai alama shida da kowane jirgi ke watsawa. An ware wa Nijeriya daga 064000 zuwa 064FFF. Da ita ake gwada abin da ido ya karanta a hoto. In suka saɓa, hoto muke bi, a rubuta saɓanin a jadawali, domin akan sami na'urar jirgi da ba a sabunta lambarta ba bayan sauya rajista. Wasu tsofaffin jirage kuma lamba da tsayi kawai suke bayarwa, ba matsayi.

Asabar, 15 ga Maris

Bazara ta kama, ga azumi, don haka aikin na sassafe ne kawai, kuma ko ba azumi haka ya kamata. Ƙura ta ragu, ƙawalwalniya ta karɓe ta. Kwanon rufi da kwalta suna dumama iskar da ke kansu, iska mai zafi da mai sanyi na cakuɗuwa, haske na karkacewa. Alamarta a hoto: layin tagogi ya yi kwana-kwana, haruffa su narke, alhali kyamara ta ce saiti ya zauna. Ba laifin ido ba ne, kada a kai shi gyara. Babu saurin shata da ke maganinta, babu manhaja. Daga wajen 9:30 take tsananta. Ta fi muni a kusa da ƙasa, kuma a nan benen ya yi mana rana, tunda digiri 16 muke ɗaga kai. A tsaya a bakin benen ta gefen jirgi, kada a harba ta saman kwanon da rana ta gasa ko ta saman janareto.

An gwada jirage masu farfela. A 1/1000 farfela na tsayawa cak, jirgi ya zama kamar injinsa ya mutu a sama, kuma wannan hoton ƙarya ne. Farfelar ATR 72 mai reshe shida tana juyi 1,200 a minti in ta ƙure, juyi 20 a daƙiƙa, to kafin reshe ya kai gurbin na gabansa 1/120 ne. Ta Q400 juyi 1,020, kusan 1/100. A nan ake samun cikakken da'ira, amma da hannu a milimita 300 yawancin hotunan za su girgiza. Mun tsaya a 1/250: rabin da'ira, lamba kuma na karantuwa. Hasken zai yi yawa, sai a mayar da ISO 100 da f/13. A kafa ƙafafu suna kallon inda za a gama, a juya daga ƙugu, a ci gaba da bi ko bayan an danna.

Asabar, 12 ga Afrilu

Abuja na kan digiri 9 arewa, don haka a 'yan kwanakin nan rana ke bi ta tsakar ka, daga nan har ƙarshen Agusta ta arewa za ta riƙa bi. Zuwa Yuni daga digiri 66 za ta fito, kusan ta bayan jirgin da ke sauka a 22. Hasken sai ya riƙa shafar gefensa a karkace, hanci a inuwa. Gyaran da aka yi: a bar jirgi ya ɗan gota, a ɗauke shi ta baya-baya, jela da lambar gangar jiki suna cikin haske.

An zauna a kan jadawalin, an daidaita rubutun sunan hoto: shekara, wata, rana, lamba, ƙira. An ƙara gurbi biyu, mai fenti da mai rajista, domin ba kullum suke zama ɗaya ba. 5N ta Nijeriya ce, ET Habasha, SU Masar, TC Turkiyya, A7 Ƙatar, G Birtaniya, D Jamus, F Faransa, 9G Ghana, TU Kwaddibuwa. Amma za a ga farin jirgi ba ado yana jigilar cikin gida da lambar LY ta Lituweniya ko 9H ta Malta ko LZ ta Bulgeriya. Na haya ne, da matuƙansa aka ɗauko shi, watanni kaɗan zai yi ya tafi. Irinsu ne suka fi cancantar a bi, don ba wanda zai tuna sun zo.

Wuraren da sababbi ke rikicewa. ERJ-145 da CRJ900 duk injinansu a baya suke: na farkon gajere ne mai dogon hanci da ƙofar gaggawa ɗaya a kan kowane fiffike, na biyun ƙofa biyu gare shi da lanƙwasa a bakin fiffike. A220 irin na Ibom Air bakin fiffikensa ya tashi sama, E195-E2 na Air Peace nasa ya zarce baya ba lanƙwasa. Tsohon 737 ƙasan injinsa a baje yake, kuma tayoyinsa na baya ba su da murfi. 777 taya shida-shida, A330 huɗu-huɗu na bayan sun rataya ƙasa. 787 bayan injinsa haƙora-haƙora ne kamar bakin zarto, A350 kuwa baƙin zagaye ne da shi a tagogin matuƙa.

Asabar, 17 ga Mayu

Jigilar alhazai ta fara tun 9 ga wata, inda jirgin farko ya tashi daga Owerri. Lokacin manyan jirage ne, ciki har da na haya. Wanda ke kan gaba a jerinmu shi ne Boeing 747-400, irin wanda aka san Max Air da shi. Kamfanin Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe a Janairun 2023, masu ɗaukar fasinja da shi kuma sun yi ƙaranci a duniya, don haka duk wanda ya biyo ta Abuja da rana ba a wasa da shi. Tsawonsa mita 70.7, ido ya tsaya a 175 tun kafin ya iso, kada a tsaya juya zobe yana wucewa. Wahalar ita ce jiragen alhazai ba su da tsayayyen lokaci, da yawa cikin dare suke motsi. Daga benen ba a samun lamba da dare, ko an kai ISO 6400, don haka ana rubuta su a jadawali daga na'ura da alamar "ba hoto".

Damina ta wanke iska. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ita ce mafi tsabta a shekara, babu ƙura, ƙasa ba ta yi zafi ba, kuma in iska ta jiƙe akan ga farin tururi na bin bakin fiffike. In METAR ya nuna TS, wato hadari mai tsawa, ko aka ji tsawa, a sauka daga bene nan take, a kuma cire wayar eriya.

Asabar, 14 ga Yuni

Laima ta fara barazana ga kaya. Funfuna na tsirowa a cikin ido in ya kwana a jaka mai danshi, kuma in ta ci rufin gilashin ba ta gyaruwa. Kowa ya sami bokitin roba mai murfi da zobe, da giram 200 na ƙwayoyin silika masu sauya launi, da ƙaramin ma'aunin laima. A riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. In ƙwayoyin sun sauya launi a gasa su a wuta marar ƙarfi, wajen digiri 110, na sa'a biyu. Kyamarar da ta fito daga mota mai sanyi a bar ta cikin jaka minti goma sha biyar kafin a buɗe, in ba haka ba gumi zai rufe gilashin.

Aikin da ke gaba: ana sake duba duk hotunan Janairu, mutum biyu su karanta kowace lamba daban-daban ba tare da sun ga jadawali ba, wanda suka saɓa a kansa a fitar da shi. Ana kuma neman bene na biyu a gefen arewa maso yamma na layin, tazarar mita 500 zuwa 700, don aikin yamma da kuma gefen dama na jirage. Ana so a kammala maganar da mai gida da mai unguwa kafin Oktoba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa ƙura kuma ba ta iso ba. Lokacin jigilar dawo da alhazai ya yi, don haka an raba safiyoyin makonni uku masu zuwa a tsakanin masu kyamara, mai na'ura kuma zai riƙa sanarwa da zarar babban jirgi ya shigo kilomita 150.